Yadda na bi diddigin gidan Gordon na Huntly, daga laburare har Corgarff

Duk wanda ya zauna birnin Aberdeen na ƙasar Sikotilan ko na wata ɗaya ne ya san sunan Gordon. Ga jami'ar Robert Gordon da yaranmu 'yan Najeriya suke cika ta, ga titin Gordon ga titin Huntly, ga gidan tarihin sojojin Gordon Highlanders, ga mutum-mutumin Duke na Gordon na biyar a tsaye a Golden Square, har Janar Gordon ɗin nan da aka kashe a Khartoum a 1885 akwai nasa a Schoolhill, duk da shi ba ya cikin layin sarautar da zan yi magana a kai. 'Yan uwanmu da ke nan sukan shirya fita da iyalai lokacin bazara, sai aka ce ni zan riƙa yi wa mutane bayanin wuraren da za mu tunda an san ina son tarihi, ni kuma na ce ba zan tsaya gaban jama'a ina karanto musu allon da aka kafa a bakin ƙofa ba, gara in zauna in san gidan nan tun daga tushe. To ga yadda na bi da abin da na tarar.

Na fara da babban laburaren birni da ke Rosemount Viaduct, akwai sashen tarihin yanki kuma katin kyauta ne. Da na gaya wa matar da ke wajen ina neman tarihin Gordon sai ta ce wanne daga ciki, don a arewa maso gabashin Sikotilan gidajen Gordon ba su ƙirguwa, akwai na Haddo, na Gight, na Cluny, na Lesmoir, na Rothiemay, na Auchindoun, ta ce in kama babban gida wato na Huntly tukunna, sauran in ba rassa ba ne to mabiya ne. Wallahi shawarar nan ta rage min wahala sosai.

Abu na farko da zai rikita mutum shi ne sunaye. Sarautar shugaban gidan ita ce Earl na Huntly, to Earl na biyu George, na uku Alexander, na huɗu George, na biyar George, na shida George, ɗansa ma George. Kuma tsofaffin takardu ba ruwansu da sunan yanka, Huntly kawai za su ce, kamar yadda a wajenmu in an ce Galadima ya yi kaza sai ka tambaya Galadiman wane zamani. Don haka na sayi babban kwali na manna a bango, kowane mutum na rubuta lambarsa da shekarar da ya hau da shekarar da ya mutu da yadda ya mutu, sannan na sa jan biro na rubuta sunan matarsa da gidan da ta fito, da gidajen da aka kai 'ya'yansa mata. Jan biron nan shi ne ya buɗe min komai daga baya, duk wata gaba da na karanta in na waiwaya bango sai in ga akwai aure a gabanta ko a bayanta.

Asalinsu ba 'yan arewa ba ne. Daga kudu suke, yankin Berwickshire kusa da iyakar Ingila, har yau akwai ƙauyen da ake kira Gordon a can. Sir Adam Gordon ya bi sarki Robert Bruce, shi kuma Bruce bayan yaƙin Bannockburn na 1314 ya ƙwace ƙasar Strathbogie, wato yankin Huntly na yanzu, daga hannun masu ita don sun juya masa baya, ya ba Adam. Shi Adam ɗin yana cikin waɗanda suka kai wa Paparoma wasiƙar Arbroath ta 1320, wadda manyan Sikotilan suka rubuta don jaddada 'yancin ƙasarsu. Wani Adam ɗin daga baya aka kashe shi a yaƙin Homildon Hill a 1402, ba da jimawa ba maza suka ƙare a babban layin, gado ya faɗa kan 'yarsa Elizabeth, ta auri Alexander Seton a 1408, ɗansu ne ya zama Earl na Huntly na farko wajen 1445, zuriyar ta ajiye sunan Seton ta ɗauki na uwa. Kun ga tun farko ta hannun mace gidan ya rayu.

Daga nan na koma taswira, laburaren ƙasa na Sikotilan ya sa tsofaffin taswirorinsa a intanet kyauta, kana iya ɗora tsohuwa kan sabuwa ka riƙa dubawa. Sai da na yi haka na gane me ya sa sarakuna ba sa iya rabuwa da su. Huntly tana kan hanyar da ta haɗa Aberdeen da Inverness, kuma a hankali suka samu Badenoch da Lochaber can cikin duwatsu, suka riƙe alƙalancin Inverness da fadarta a matsayin gado. Sarki yana zaune a Edinbara ko Stirling, ba shi da soja na dindindin, in ana rikici a arewa dole sai ya ba wani babban gida takardar izini ya je ya hukunta da sunansa, shi kuma wannan gidan zai yi amfani da takardar ya biya tasa buƙatar. Maƙwabtansu su ne Forbes ta kudu wajen kogin Don, ƙasar Moray ta yamma, Mackintosh a Badenoch da suke zaune kan ƙasar Huntly ba da son ransu ba, sai Campbell na Argyll can nesa da su ma suke ganin su ne hannun daman sarki. Sunayen nan huɗu in ka riƙe su ka riƙe rabin labarin.

A 1452 sarki James na biyu ya soke Earl na Douglas da wuƙa da hannunsa a Stirling, ƙasa ta rikice, Huntly na farko ya tsaya wa sarki ya ci Earl na Crawford da yaƙi a Brechin cikin Mayun shekarar, yana can wani ɗan Douglas da ke riƙe da Moray ya zo ya ƙona masa gida a Strathbogie. Daga wannan lokacin tauraronsu ya haska. Earl na uku ya je Flodden a 1513 inda sarki James na huɗu da manyan ƙasar da yawa suka mutu, shi ya dawo da ransa.

Da kwalin ya fara cika sai na hau jirgin ƙasa na tafi Huntly, daga Aberdeen bai kai awa ɗaya ba ko ya ɗan kai. Daga tasha za ka taka zuwa dandalin gari, ka bi ta ƙarƙashin ƙofar makarantar Gordon da matar Duke na biyar ta gina don tunawa da mijinta, ka bi wata doguwar hanya mai bishiyoyi har inda kogin Deveron da na Bogie suka haɗu. Hukumar Historic Environment Scotland ce ke kula da wajen, in za ka je wurare da yawa gara ka yanki katin shekara. Kango ne ba rufi amma bangon gaba yana nan, kuma can sama an sassaƙa sunan George Gordon Marquess na farko da matarsa Henrietta Stewart da manyan haruffa na dutse tare da shekarar 1602, wanda ke nesa ma zai karanta. A saman ƙofar shiga akwai sassaƙa hawa-hawa, tambarinsu a ƙasa, na sarki a samansa, na addini a can ƙoli, amma na addinin an farfasa su da gangan, sojojin Covenanter, 'yan Furotesta masu adawa da sarki Charles na ɗaya, da suka mamaye fadar a 1640 ne suka yi don alamomin Katolika ne. Sannan na sauka ƙasa ta wani siririn lungu mai duhu zuwa ramin da suke jefa fursuna a gindin hasumiya. Sama ana sassaƙa suna, ƙasa ga wannan rami, a gini ɗaya. Na daɗe a wajen kafin na fito.

Earl na huɗu shi ake wa kirari da Zakaran Arewa, kuma shi na fi daɗewa a kansa. Ya riƙe muƙamin babban waziri na ƙasa, Ingilawa sun kama shi a yaƙin Pinkie a 1547 ya gudo, a 1550 ya sa aka kashe shugaban Mackintosh a Strathbogie, a 1556 ya sauki uwar sarauniya Mary ta Guise da irin karɓar da ta sa masu ba ta shawara suka fara cewa mutumin nan ya yi ƙarfi da yawa. Shi ne babban Katolika na ƙasar bayan an koma Furotesta a 1560, mutum zai ɗauka shi da sarauniya Mary 'yar Katolika za su zama tsintsiya ɗaya, amma sai ta ɗauki sarautar Moray wadda Huntly ke cin amfanin ƙasarta ta ba ɗan ubanta Lord James Stewart. Ta zo arewa a 1562 ta ƙi sauka a gidansa, ta je Inverness wani ɗan Gordon da ke tsaron fadar ya hana ta shiga, da aka buɗe aka rataye shi. Ranar 28 ga Oktoba aka gwabza a Corrichie, gefen tsaunin Hill of Fare kusa da Banchory, aka tarwatsa mutanen Huntly, shi kuma dattijo ne mai jiki, bayan an kama shi ya faɗo daga kan doki ya cika nan take. Ɗansa Sir John aka sare masa kai a Castlegate a nan Aberdeen, wajen da muke wucewa kullum, sarauniya tana kallo. Gawar uban kuma ba a binne ta ba, aka gyara ta yadda ba za ta ruɓe ba aka kai Edinbara, a Mayun 1563 aka shigo da akwatin gaban majalisa aka yanke mata hukuncin cin amanar sarauta don a samu damar ƙwace dukiyar bisa doka. Jikina ya yi sanyi da na karanta wannan.

Amma ku lura da abin da ya biyo baya don shi ne abin da ya yi ta maimaituwa. Shekara uku ba ta cika ba Mary ta ɓata da ɗan uban nata, ta sako magajin Huntly daga tsare ta maida masa sarauta a 1565, ƙanwarsa Jean ta auri Earl na Bothwell a 1566, a 1567 aka raba auren don Bothwell ya auri ita sarauniyar. Akwai kuma wani ƙaninsu matashi mai suna Adam da aka kama a Corrichie aka bar shi da rai don ƙuruciyarsa. Na zagaye sunansa a kwali don shi ne zai kai mu Corgarff.

Bayan an tuɓe Mary ƙasa ta rabu biyu, masu bin ta da masu bin jaririn ɗanta James na shida. Gordon suka tsaya mata, Forbes suka tsaya wa ɗan, amma da ka duba jan biro za ka ga abin ya fi siyasa zurfi, magajin gidan Forbes yana auren Margaret Gordon 'yar Earl na huɗu kuma ya rabu da ita, ga tsohuwar rigimar gonaki da ta daɗe tsakaninsu. A Oktoban 1571 Adam Gordon na Auchindoun ya ci su a Tillieangus aka kashe Arthur Forbes, a Nuwamba ya sake cin su a Craibstone, wanda yanzu yake tsakiyar Aberdeen wajen Hardgate, ya kama magajin nasu. A cikin Nuwamban nan ne mutanensa suka je wata hasumiyar Forbes, maigidan John Forbes na Towie ba ya nan, matarsa Margaret Campbell ta ƙi buɗe ƙofa, suka tara itace suka cinna wuta, ita da 'ya'yanta da bayin gidan da masu aiki duk suka ƙone a ciki. Wasu littattafan sun ce mutum 24 wasu 27, wasu sun ce a Towie abin ya faru, mafi yawa sun ce Corgarff, wasu sun ce Adam yana wajen wasu sun ce kyaftin ɗinsa Thomas Ker ya tura. Yadda na yi da irin wannan saɓanin shi ne na ware shafi biyu a littafina, abin da mutanen zamanin suka rubuta gefe ɗaya, abin da waƙoƙin gargajiya da marubutan baya suka ƙara gefe ɗaya, in zan yi wa mutane bayani in faɗa musu wanne ne wanne.

Zuwa Corgarff sai da mota, ka bi kogin Don ta Alford da Strathdon har inda hanya ta fara hawa dutse zuwa Tomintoul, hanyar da dusar ƙanƙara ke yawan rufewa da hunturu, don haka a duba yanayi da ranakun buɗewa kafin a kama hanya. Farar hasumiya ce ita kaɗai a fili ba gari kusa, da katanga mai siffar tauraro wadda sojojin gwamnati suka yi a 1748 da suka maida wajen bariki. Da na tsaya na duba ko'ina na gane cewa ko ihu suka yi babu mai ji. Abin da ya tsaya min a rai shi ne a duk abin da na karanta sunan Margaret kaɗai na gani, don ita 'yar gidan Campbell na Cawdor ce. Sauran mutum ashirin da wani abu, mai dafa abinci, mai raino, mai kiwo, yara ƙanana, lamba ce kawai. Kuma a 1573 aka yi sulhun Perth aka yafe wa ɓangaren Huntly abin da aka yi a yaƙin. Earl na biyar ya rasu a gidansa a 1576 bayan ya yanke jiki ya faɗi wajen wasan ƙwallo, Adam ya rasu a 1580.

Wajen kisan da Earl na shida na Huntly da mutanensa suka yi wa Earl na Moray ne na koyi wani abu game da kwanan wata da duk mai irin wannan binciken yake buƙata. Wasu takardu za su ce 7 ga Fabrairu 1591 wasu su ce 1592, kuma duk daidai ne, don kafin 1600 sabuwar shekara a Sikotilan ranar 25 ga Maris take farawa, Fabrairunsu na 1591 shi ne 1592 a lissafin yanzu. Duk abin da ya faru tsakanin Janairu da ƙarshen Maris sai ka duba da wane lissafi marubucin yake. Tsohon rubutun harshen Scots da aka yi takardun da shi ma sai da ƙamus, akwai na intanet kyauta, kuma in ka karanta da ƙarfi a baki ya fi saurin shiga.

Shi wannan Moray ɗin, James Stewart, ya samu sarautar ne ta hanyar auren 'yar Lord James ɗin nan, ɗan uban sarauniya, wanda ya ci Gordon a Corrichie, uwarsa kuma wata Margaret Campbell ce ita ma, 'yar gidan Argyll. Ya fara jawo Mackintosh da Grant da sauran masu jin haushin Huntly, a 1590 aka harbe wani ɗan Gordon a gaban fadarsa ta Darnaway. Earl na shida yana da takardar sarki ta farautar wani ɗan tawaye da masu goya masa baya, da ita ya fake ya tsallaka zuwa Donibristle a gaɓar Fife inda Moray yake gidan uwarsa, suka sa wa gidan wuta, ya fito da gudu zuwa bakin teku suka cim masa suka sassare shi. Uwar ta sa aka zana hoton gawar da duk raunukan da ke jiki da rubutun neman Allah ya saka masa, hoton yana nan har yau a Darnaway, dangin suka ƙi binne gawar shekara da shekaru suna jiran adalci. Hukuncin da Huntly ya samu shi ne 'yan kwanaki a tsare a fadar Blackness. Na waiwaya bango na ga dalili da jan biro, matarsa Henrietta 'yar Esmé Stewart ce, ɗan uwan sarki James na shida kuma mutumin da ya fi ƙauna a ƙuruciyarsa, sarkin da kansa ya haɗa auren a 1588.

Ko da aka kama takardun da suka nuna yana hulɗa da Sifen, ko da ya ci rundunar da sarki ya tura ƙarƙashin matashin Earl na Argyll a Glenlivet ranar 3 ga Oktoba 1594, inda mutanen Argyll suka ninka nasa amma shi yana da dawakai da igwa, abin da aka yi shi ne sarki ya zo da kansa aka fasa wani sashen fadar Huntly da albarushi, shi ya fita ƙasar waje na ɗan lokaci, ya dawo ya ce ya karɓi cocin Furotesta a 1597, a 1599 aka ƙara masa girma zuwa Marquess. Rubutun 1602 ɗin nan da na gani a bango, shekara goma ne cif bayan Donibristle. Da na haɗa wannan lissafin sai ginin ya canja min kama, mutum ne yake shelanta wa duk ƙasar cewa ya kashe, ya yi tawaye, kuma ga shi nan daram.

Kafin in fara na ɗauka gabar tasu hauka ce kawai ta mutanen duwatsu, amma ba haka ba ne, tana da tsari kuma doka ta san da ita. Ƙananan gidaje suna rubuta takardar mubaya'a ga babban gida, za mu bi ka a yaƙi da zaman lafiya kai kuma ka kare mu. In an yi kisa dangin wanda ya kashe suna biyan diyya, dangin mamaci ta wajen uba da ta wajen uwa su sa hannu a takardar yafewa, afuwar sarki ma ba ta cika sai an biya. A shafin intanet na tsofaffin dokokin majalisar Sikotilan wanda jami'ar St Andrews ta shirya na karanta dokar 1598 ta kashe gaba, ta raba rigima uku, inda ba a kashe kowa ba, inda aka kashe ta ɓangare ɗaya, da inda aka kashe ta duka biyu, ta tilasta a kai wa masu sulhu ko kotu maimakon ɗaukar fansa. Sannan a rufe da aure. A 1607 Anne 'yar Huntly ta auri ɗan Moray ɗin da ubanta ya kashe, magajin Huntly kuma ya auri 'yar Argyll ɗin da suka yi yaƙi a Glenlivet. Ina ta tunanin yarinyar nan Anne da gidan da aka kai ta. Sulhun ya yi aiki, jini ya tsaya tsakanin gidajen, amma a kan wuyan mata aka ɗora shi, kuma diyya ta mai dangi ce masu ƙarfi, manomin da aka kore wa shanu aka ƙona masa rumbu a hare-haren ramuwa tsakanin Huntly da Mackintosh ba ya cikin lissafin kowa.

Wutar da suka saba cinna wa wasu ta zo gidansu a 1630. Crichton na Frendraught da Gordon na Rothiemay suna rigima, aka kashe Rothiemay a farkon shekarar, tsoho Huntly ya shiga tsakani aka yanke diyyar merk 50,000, kuɗinsu na lokacin. A Oktoba wata sabuwar rigima ta taso da gidan Leslie, Huntly ya sa ɗansa John mai sarautar Melgum ya raka Crichton gida don kada a tare shi a hanya, tare da ɗan marigayi Rothiemay, aka matsa musu su kwana, cikin dare hasumiyar da aka sauke su ta kama da wuta, su biyun da barorinsu suka ƙone. An rataye wani John Meldrum a 1633 amma Gordon ba su taɓa yarda ba Crichton ba ne, suka yi ta kai hari ƙasarsa, wannan karon kuma sarki Charles na ɗaya yana Landan ba ya buƙatar Huntly kamar yadda ubansa ya buƙace shi, aka kira tsohon Edinbara aka tsare shi, ya rasu a Dundee a 1636 a hanyar komawa gida. A nan na ga alamar zamani ya juya, ƙarfin kotu da majalisar sarki ya fara fin na takobin gida.

Sauran na bi shi da sauri don daga nan yaƙin ƙasa ne ba gabar gida ba. Marquess na biyu ya tsaya wa Charles na ɗaya, babban ɗansa ya mutu a yaƙin Alford a 1645 yana tare da Montrose jagoran sojojin sarki, shi kuma aka sare masa kai a Edinbara a Maris 1649, lokacin da surukinsa Argyll, ɗan uwan matarsa, shi ne mai faɗa a ji a gwamnati. A 1661 shi ma Argyll ɗin aka sare nasa. A 1684 aka ɗaga Gordon zuwa Duke, Duke na farko ya riƙe fadar Edinbara wa sarki James na bakwai har Yunin 1689. A tawayen 1745 gidan ya raba ƙafa, Duke na uku ya zauna ɓangaren gwamnati, ƙaninsa Lord Lewis ya tara mutane ya bi Yarima Charles, jikan James na bakwai mai neman karɓo gadon sarauta, har yaƙin Culloden a Afrilun 1746 ya ƙare rayuwarsa a Faransa, dukiya kuma ta tsira. Bayan Culloden aka soke ikon shari'a na gado da manyan gidaje suke da shi, a 1794 Duke na huɗu ya tara jikokin mutanen da suke bin kakanninsa yaƙi ya kafa Gordon Highlanders, suka koma yi wa daular Birtaniya yaƙi har aka haɗe rundunar da wata a 1994. Duke na biyar mai mutum-mutumin Golden Square ya rasu a 1836 ba magaji, sarautar Marquess ta koma reshen Aboyne, kuma suna riƙe da ita har yanzu.

Hanyar da na tsara wa mutanenmu ita ce mu fara daga Castlegate a ƙafa, mu bi ta Hardgate, sannan mota zuwa Huntly, Corgarff kuma a ware mata rana daban don nisa da yara. Na yanke cewa a Huntly sai kowa ya sauka ya ga ramin nan kafin a ɗauki hoto a gaban rubutun, a Corgarff kuma zan fara da 1571 kafin in zo kan barikin soja.

Yanzu na manna sabon kwali gefen na farko don kusan duk abin da na karanta daga bakin Gordon da masu rubuta musu tarihi ya fito. Na fara na Forbes, daga Druminnor tsohon gidansu da ke kusa da Rhynie, wanda tsakaninsa da Huntly tafiyar 'yan mintoci ce a mota, kuma sunan da na fara rubutawa da jan biro shi ne na Margaret Gordon da aka saka, don in ga yadda su suka ba da labarin rabuwar da kuma Tillieangus.